Kurakuran da ake yi wajen fahimtar harajin kashi 15 na manyan kamfanonin duniya

Kuskuren da aka fi ji a bakin 'yan kasuwar Gombe shi ne zaton cewa harajin kashi 15 cikin 100 (mafi ƙarancin abin da kamfani zai biya a kan ribarsa), wanda ƙasashe sama da 130 suka amince da shi a watan Oktoba na 2021 ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD, zai hau kan kowane mai sana'a. Yarjejeniyar ta shafi rukunin kamfanonin da ke aiki a ƙasashe daban-daban ne kawai, waɗanda cinikinsu na shekara ya kai Yuro miliyan 750. Dillalin masara a Tudun Hatsi ba ya ciki.

Kuskuren da ya fi tsada kuwa na masu tsara manufofi ne, wato cewa tunda harajin manyan kamfanoni a Najeriya kashi 30 ne, batun bai shafe mu ba. Abin da ake dubawa shi ne kuɗin da kamfani ya biya a zahiri bayan an cire hutun haraji da sauran rangwame. Idan an yafe wa kamfani har abin da ya biya ya sauko kashi 5, ƙasar da hedikwatarsa take tana iya karɓe ragowar kashi 10. Ke nan mun yi shuka, wani ya girbe, alhali harajin kamfanoni yana shiga asusun tarayya ne, wanda Gombe da Bauchi ke samun kasonsu daga gare shi. Gyaran shi ne ƙasa ta karɓi wannan cikon da kanta, kuma dokar harajin Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 ta tanadi hakan. A ganina, aikin da ya rage shi ne horar da ma'aikatan da za su iya bin diddigin ribar da ake karkatarwa zuwa ƙetare.

Wasu kuma suna ganin ƙin sa hannun da Najeriya da Kenya suka yi a 2021 ya raba mu da lamarin, amma dokokin Tarayyar Turai sun soma aiki tun 2024 a kan kamfanoninsu da ke nan.

Gwamnatin jihar Gombe da ke zawarcin masu zuba jari a dandalin masana'antu na Dadin Kowa ta fi dacewa ta sa ƙarfinta kan wutar lantarki, hanya da tabbatacciyar takardar fili maimakon rangwamen haraji, domin tsarin yana sassauta lissafi ga kamfanin da ya gina masana'anta ya kuma ɗauki ma'aikata.