Yadda zaka sassaƙa hoton naman daji a ƙotar bindiga ba tare da ka lalata ta ba

Wannan sana'a Jamusawa da mutanen Ostiriya ne suka yi suna a kanta, sai kaga gindin bindigar farauta an zana barewa ko aladen daji ga ganyen bishiya ya kewaye, daga baya Amurkawa ma suka shiga. Su icen wolnat suke amfani dashi, mu nan in zaka koyi hannu nemi guntun maɗaci ko madobiya wanda ya bushe sosai, ƙirya kam bari sai hannu ya faɗa don taurinta zai cinye maka bakin cizil.

Kafin komai ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ciki, sannan ka kwance sukurori ka raba ƙotar da ƙarfen gaba ɗaya. In kuma tsohuwar bindiga ce ta gado to ƙyale ta, sassaƙa rage mata daraja take yi.

Inda mutane suka fi kwafsawa shine zaɓen wuri. Siririn wuyan nan dake bayan kunama (abin da ake ja da yatsa a harba), inda hannu ke riƙewa, nan ne ƙota ta fi tsagewa saboda dukan da bindiga ke yi baya in an harba, dan Allah kada cizil ya je wajen. Ɓangaren da kunci ke kwanciya shima a barshi sumul, in ba haka ba mai ita zai dawo daga daji da fuska a kurje. Mai harbi da dama kuncinsa a hagun ƙota yake, kenan faffaɗan gefen dama na gindi shine filinka, bahago kuma sai ka juya. Sannan wasu ƙotocin akwai dogon rami a cikinsu inda noti ke bi, cire murfin gindin ka haska tocila ka gani tukuna.

Zana dabbar a takarda, gwanki ko ɓauna ko zabo, ka manna da salatif ka kwafe da kabon fefa. Sabon shiga ya fara da kai da ƙaho kawai, ƙafafu huɗu wahala garesu, kaɗan ka kuskure sai gwanki ya koma jaki. Wanda kuma baya son sassaƙa siffar abu mai rai saboda addini, ganye da sawun kofato da ƙaho zalla ko dagi duk suna fitowa da kyau.

Toh sai ka bi layin zanen da wuƙa mai kaifi ka tsaga a tsaye, wannan tsagar ce ke tare ɓarin ice kada ya shiga jikin dabbar. Daga nan ka kwashe icen da ya kewaye ta da cizil mai lanƙwasa, milimita 2 zuwa 3 ya isa wallahi, ba zurfi ke kawo kyau ba, inuwa ce. Ka riƙa bin kwanciyar ice, da kaji bakin cizil yana nutsewa yana ɗago ɓamɓaroki to ka saba hanya, juya ƙotar ka zo ta ɗaya ɓangaren. Filin da ya kewaye dabbar kuma ka daddaƙa shi da kan ƙusa ɗigo ɗigo, wajen zai sha mai yayi duhu ita kuma ta fito fes. Sai ka rage gefunan jikinta su zagaye, kafaɗa da cinya su fi tudu, gashi da zoben ƙaho ka fitar dasu da cizil mai baki kamar V, ido shine na ƙarshe. Masu Dremel, wato ƙaramin injin sassaƙa mai amfani da lantarki, aikinsu yafi sauri amma fa in ya zille sau ɗaya shikenan babu gyara.

Sanfefa lamba 220 sannan 400, ninke ta ƙarama kada ta shafe gashin da ka sha wuya akai. Banish mai kauri cike ramukan yake, gara man linsid, wani mai ne da ake shafa wa katako, ka shafa kaɗan da tsohon burushin haƙori ka goge rarar, a bari ya kwana, a maimaita har ice ya daina sha. Tsumman man kada ka dunƙule ka jefar a lungu don yana iya kama wuta da kansa, shanya shi a waje ko ka jiƙa a ruwa. Sai ƙotar ta bushe ƙarau sannan ka mayar da ƙarfen, kuma kada ka matse sukurori da ƙarfin tsiya.