Darasi na 7: Rainon Abarba da Danginta a Tsakar Gida

Idan kun sayi abarba wajen mai kayan marmari, kada ku bar masa kanta. Wannan tulin ganye da ake yankewa a jefar, shuka ce guda. Da ita za mu fara.

Abarba tana da dangi fiye da iri 3,000. Masana tsirrai suna kiran gidansu bromiliyad, sunan da aka ɗauko daga wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Olof Bromelius. Asalinsu nahiyar Amurka ne, musamman dazukan kudanci masu zafi da ruwa. Iri ɗaya tak aka samu yana fitowa da kansa a Afirka, a kan duwatsun ƙasar Gini. Ita kanta abarba, Turawa ba su san ta ba sai a 1493, da matafiyin teku Kolumbus ya isa tsibirin Gwadalup da ke yankin Karibiyan. Yau ga ta ana nomawa a Kudancin Nijeriya da Gana, ana lodo ta zuwa kasuwanninmu.

Ga yadda ake dasa kanta. A riƙe abarbar da hannu ɗaya, a murɗe kan da ɗaya hannun har ya fita. A cire ganyen ƙasa, kamar layi uku ko huɗu. Ku duba da kyau, za ku ga wasu ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa a jikin gindin. Saiwa ce take shirin fitowa. A ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku, wurin da aka murɗe ya bushe. Wanda ya yi gaggawa ya dasa shi da danshi, yawanci ruɓewa yake yi. Daga nan sai a saka shi a kasko mai huda a ƙasa, a danne ƙasar kada ya yi rawa. Abarba tana son rana, kuma takan yi shekara biyu ko fiye kafin ta haihu.

Sauran dangin don ado ake ajiye su, kuma halinsu ya sha bamban da shukokin da muka saba. A dajinsu, da yawa ba a ƙasa suke ba, a kan reshen bishiya suke zama. Amma ba kauci ba ne. Kauci yana shan jinin bishiya, su kuwa wurin zama kawai suke nema. Saiwarsu ta riƙo ce, ba ta shan ruwa sosai ba. Ganyensu yakan kewaye ya yi kamar ƙoƙo a tsakiya, ruwan sama ya taru a ciki, busasshen ganye ya faɗa ya ruɓe, daga nan suke ci suke sha. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Saboda haka ruwa a ƙoƙon ake zubawa. Ƙasar kaskon kuwa a bari ta sha iska kafin a ƙara mata. Kada a cika kasko da laka ko taɓo. A haɗa yashi da dakakken gawayi da ɓawon itace ko na kwakwa, yadda in an zuba ruwa zai zarce nan take. Ƙaramin kasko ya fi babba. Ruwan sama ya fi kowane, don haka a tara shi da damina. Ruwan burtsatse mai gishiri yana barin farin tabo, yana ƙona bakin ganye. Taki ma kaɗan suke so: kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba ya isa.

A nan akwai abin da ba na so ku yi wasa da shi. Ruwan da ya kwanta a ƙoƙon ganye, sauro yana yin ƙwai a ciki, kuma cikin mako guda ko kwana goma tsutsar ta zama sauro. Duk mako a karkata kaskon, a zubar da tsohon ruwa, a ɗauraye, a zuba sabo. Gida mai yara, a yi haka sau biyu.

Wajen masu sayar da furanni za ku ga sunayensu a rubuce. Guzmania tana da ganye mai laushi da jan kai ko rawaya, inuwa take so. Neoregelia tsakiyarta kan yi ja wur idan ta kusa fure. Aechmea ganyenta da kauri da ƙaya, ta fi jimiri, ita ta fi dacewa da mai koyo. Tillandsia ko ƙasa ba ta so: a tsoma ta a ruwa minti 20 duk mako, a girgije, a kife ta ta bushe. Ranar bazara ta yi wa yawancinsu ƙarfi. Ƙarƙashin darbejiya ko bakin baranda, inda hasken safe ke shiga, ya fi. Da hunturu a riƙa yayyafa musu ruwa da safe, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.

Sau ɗaya uwa take fure a rayuwarta. Furen yakan daɗe watanni, sannan ta fara bushewa a hankali. Mutane da yawa a nan suke zubar da kaskon, suna zaton sun kashe ta. A ɗaga ganyen ƙasa a duba: za a ga 'ya'ya sun fito a gindi, kamar na ayaba. A bar su su kai sulusin tsawon uwar ko rabinta, sannan a yanke da wuƙa mai kaifi da tsabta, kowane da kaskonsa. Ta haka kasko ɗaya ke zama uku, har a yi musaya da maƙwabta a samu wani iri.

Aikin gida: kowa ya zo da kan abarba ɗaya da ya sha iska kwana uku, da gwangwani mai huda. Ku rubuta ranar dashe a jikin gwangwanin da hannunku.