Yadda Ake Gane Yawan Ruwan da Ƙasa Za Ta Iya Bai wa Rijiya

Manomin rani da ke shirin sayen injin ban-ruwa yakan tambayi mahaƙin rijiya ko akwai ruwa a gonarsa, alhali abin da ya fi kamata ya sani shi ne yawan da ƙasar za ta saki, domin ruwan da take riƙewa daban, wanda take bayarwa kuma daban. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko a cikin tsagar dutse.

A fara da gwajin bokiti. A samu bokiti biyu masu cin lita 10, a huda gindinsu a toshe, a cika ɗaya da busasshen yashi mai manyan ƙwayoyi, ɗayan da dakakken yumɓu, sannan a riƙa zuba ruwa ana aunawa har ya taso sama. Yashin zai sha lita 3 ko fiye, idan aka cire toshiyar kuma ya mayar da mafi yawansa. Yumɓun zai sha kamar haka ko ma ya zarce, amma sai a kwana ana jira ba a tara abin kirki ba. Shi ya sa rijiyar da ta tsaya a cikin laka take ƙafewa da hantsi, ko da bangonta sharkaf yake.

Lissafin yana da sauƙi. Idan yashi yana sakin kashi 20 cikin 100 na girmansa, to saukar ruwa da mita 1 a ƙarƙashin hekta ɗaya tana nufin an ɗebi lita miliyan 2, wato jarka 80,000 mai lita 25. A ƙasar da ke sakin kashi 2 kacal, jarka 8,000 ce. Wannan bambanci ne ya raba yankinmu gida biyu: mafi yawan Kano da wajen Dutse da Birnin Kudu suna bisa tsohon dutse, inda ruwa ke cikin ruɓaɓɓen samansa da tsagoginsa, har burtsatse biyu maƙwabta kan sha bamban, yayin da Haɗeja da Gumel suke bisa shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Chadi.

Sai gwajin rijiyar kanta, wanda a ganina bai da amfani sai a watan Afrilu ko Mayu, domin awon kaka ruɗi ne, lokacin ƙasa cike take da ruwan damina. Da asuba, kafin kowa ya jefa guga, a ɗaura dutse a igiya a auna nisan ruwa daga bakin rijiya, a ƙulla alama. A janye ruwan sosai, a sake aunawa, sannan a duba tasowarsa bayan awa ɗaya. Rijiya mai faɗin mita 1 tana ɗaukar kusan lita 785 a kowace mita ta zurfi, don haka idan ruwa ya taso da rabin mita, ƙasar ta ba da kimanin lita 390 a awar. Kada a saukar da injin cikin rijiya yayin wannan aiki, hayaƙinsa yana kashe mutum a ƙasa.

A maimaita kwana uku a jere, ana leƙa rijiyar maƙwabci ko tata ta sauka. Idan kowace asuba ruwan yana tsayawa ƙasa da ƙullin jiya, to ana ɗiba fiye da abin da ke shigowa, sai a rage awannin ban-ruwa ko faɗin kwamin. Masu gona a fadamar kogin Haɗeja su ƙara da awon watan Oktoba kowace shekara, domin ambaliyar da ke cika yashin fadama ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kuma awon bayan damina ne zai nuna ko ruwan ya koma inda ya tsaya bara.