Kafin ka ɗora wa sabuntawa laifi: kurakuran da masu tuƙa jirgi a kwamfuta suka fi yi

Duk ranar da aka saki sabuntawar Microsoft Flight Simulator, kafin gari ya waye koke-koke sun cika ko'ina. Wannan jirginsa ya ƙi tashi, wancan allunan ɗakin matuƙi sun yi baƙi ƙirin, wani kuma manhajar ce ta rufe kanta ana tsakiyar lodi. Ban musa ba, wani lokacin sabuntawar ce ke zuwa da aibinta. Amma a abin da na gani, yawancin matsalolin mu muke shuka su da hannunmu, saboda gaggawa.

Babban kuskure shi ne barin foldar Community cike maƙil a ranar sabuntawa. A nan ake zuba duk kayan ƙari: jirage, filayen jirgi, fenti, ƙananan manhajoji. Kowanne an gina shi ne a kan sigar da ake da ita lokacin. Tun da manhajar ta fito a watan Agustan 2020, kamfanin Asobo da ke Bordeaux a Faransa yake taɓa cikinta lokaci-lokaci, kuma da ya taɓa, wani tsohon fayil sai ya daina jituwa da sabon tsari. Maganin ba wuya. Kwashe abin da ke cikin foldar ka ajiye a gefe, ka sabunta, sannan ka ɗauki Cessna 172 wadda ta zo da manhajar ka zaga fili sau ɗaya. In ta tashi lafiya ta sauka lafiya, ka san tushe kalau yake, sai ka fara mayar da kaya.

Wajen mayarwar ma ana kuskure. Wasu su juye duka a lokaci guda, matsala ta dawo, ba su san mai laifi ba. Wasu su bi ɗaya bayan ɗaya har su gaji su bari. Raba su biyu za ka yi: mayar da rabi ka gwada, ɓangaren da matsalar ta ɓulla a ciki ka sake raba shi biyu. Ko kayanka sun kai 64, gwaji 6 ya isa ya fito maka da shi.

Na taɓa yin kwana uku ina jin haushin masu wani jirgi da na saya, don bayan sabuntawarsu fukafukansa sun koma ruwan hoda, allo ɗaya kuma ya ƙi kamawa. Na goge jirgin na sake saukewa har sau biyu. Ashe wani fenti ne da na ɗauko wata takwas baya, wanda ke neman fayilolin da aka riga aka canja wa wuri. Ina cire shi komai ya dawo daidai. Abin da ya fi damuna, a bayanin canje-canjen da suka fitar tare da sabuntawar sun rubuta ƙarara cewa tsofaffin fenti ba za su yi aiki ba. Ban karanta ba ne. Tun daga ranar ba na danna maɓallin sabuntawa sai na karanta bayanin nan har ƙarshe.

Akwai kuma masu rashin haƙuri da lodin farko. Jirage masu zurfin tsari, irin Boeing 737 na kamfanin PMDG, sukan ɗauki mintuna a karon farko bayan sabuntawa, domin manhajar tana sake harhaɗa ƙwaƙwalwar jirgin. Mutum ya ga allo ya tsaya cik, ya kashe da ƙarfi. Ka bar shi ya gama, karo na biyu ba zai daɗe haka ba.

Masu X-Plane, wata manhajar tuƙin jirgin ta daban, nasu tarkon yana cikin fayil ɗin scenery_packs.ini da ke foldar Custom Scenery. Abin da ke sama a jerin shi ke rinjayar na ƙasa. Filayen jirgin da ka ƙara su zauna a sama, shimfiɗar ƙasa da hotunan tauraron ɗan'adam su koma can ƙasa. In jerin ya birkice, za ka tarar da bishiya a tsakiyar titin jirgi ko gine-gine sun ɓace.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga shi ne bayanan hanyoyin sama. A duniyar jirage ta gaske ana sabunta su duk kwana 28, a tsarin da ake kira AIRAC, kuma kowane zagaye da lambarsa: 2401 na nufin zagayen farko na 2024. Sai mutum ya tsara tafiyarsa a SimBrief, shafin tsara hanyar jirgi, da wani zagaye, kwamfutar jirginsa kuma tana kan wani daban. Ya shigar da hanya, jirgi ya ce bai san wannan tasha ba, ko hanyar fita daga fili ta ɓace gaba ɗaya. Jirgin bai lalace ba. Duba lambar zagayen a wuraren biyu ka daidaita su. Masu rajista da Navigraph, kamfanin da ke samar da waɗannan bayanan, su tuna cewa yawancin jiragen ƙari kowanne da rumbun bayanansa, sabunta na manhaja kaɗai bai wadatar ba.

In jirgi yana jan gefe ɗaya ko totur yana rawa shi kaɗai, je ka duba saitin na'urorinka kafin komai. Sau da yawa aiki ɗaya ne aka ɗaura wa na'ura biyu, misali wutsiyar jirgi tana kan feda kuma tana kan murɗin sandar tuƙi, suna ja-in-ja. Ka kuma leƙa saitin taimakon matuƙi bayan kowace sabuntawa, don in ya kunnu yakan yi karo da tsarin jiragen ƙari.

Sauran kurakuran na tuƙi ne zalla, ko da yake su ma a kan jirgi ake ɗora su. Ma'aunin tsayi ana barinsa a 1013, lambar matsin iska ta bai-ɗaya da ake amfani da ita a can sama, tun daga sama har ƙasa, alhali wajen saukowa dole a koma matsin iskar filin da za a sauka. Bambancin maki ɗaya kusan ƙafa 30 ne, ke nan maki goma sun kai ƙafa 300, kuma cikin hazo wannan ba abin wasa ba ne. Sai jinkirin fara saukowa. Lissafin matuƙa mai sauƙi ne: mil 3 na teku ga kowace ƙafa 1,000. Daga ƙafa 36,000 kana buƙatar mil 108, ka ƙara kaɗan don rage gudu. Wanda ya fara saura mil 60 zai iso kan fili yana sama can, yana gudu, ya ce jirgin ba ya jin magana.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka mayar da laushin sauka ma'aunin gwaninta. Mutum ya yi ta shawagi a kan titi, ya cinye rabinsa, don kawai tayoyi su taɓa ƙasa ba a ji ba. Matuƙan gaske wurin taɓawa suke nema, wajen manyan fararen alamun da ke kusa da farkon titi, a kan layin tsakiya, da gudun da ya dace. Sauka mai ɗan ƙarfi a wurin da ya kamata ta fi mai laushi a ƙarshen titi. In ka ga abin bai daidaita ba, ba shi wuta ka sake zagayowa.

Kada kuma ka shiga VATSIM ko IVAO, dandalin tuƙi tare da wasu a intanet, da jirgin da ka sabunta yau. A can mutane ne na gaske ke ba da umarni ta rediyo, wasu matuƙan kuma suna layi a bayanka. Gwada jirgin kai kaɗai tukuna, tafiya guda cikakkiya, daga kunna batir a wurin fakin har kashe inji a ɗaya filin.