Daga Kura zuwa Tiga a kan keke: ka bar kwalta, ka bi ruwa

Shekara shida ke nan ina yawo da keke a ƙauyukan kudancin Kano, kuma duk wanda ya tambaye ni inda ya kamata ya fara, amsata ɗaya ce: ka je Kura, ka nemi bakin kanal, ka bi ruwan har inda ya fito. Wannan ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, ya ratsa gonakin noman rani na Bunkure da Garun Malam da Kura. A gefen kowace babbar magudana akwai hanyar burji da aka yi domin masu kula da ruwa da manoma. Ba tirela a kanta, ba tankar mai, sai babura da amalanken shanu da masu keke irinka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, don haka ko sabon shiga a doguwar tafiya zai iya.

Ka fara da zaɓen lokaci, domin shi ne rabin aikin. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu nake zuwa. A lokacin damina ta ɗauke, hanya ta bushe ta yi ƙarfi, alkama da tumatir da albasa sun rufe fili da kore, alhali ko'ina a wajen yankin ya yi fari fat. Da damina laka ce za ta cika maka taya har ta ƙi juyawa. A watan Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40, ban yarda kowa ya yi wannan tafiya a cikinsa ba. Ka kuma lura da iskar hunturu: daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka idan ka nufi kudu tana tura ka ta baya, idan ka juyo gida kuwa ita za ka yi ta kokawa da ita. Ka ajiye ƙarfi domin dawowa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango bishiyar da ke gabanka sosai, ka haƙura ka zauna a gida, ƙirjinka ya fi tafiyar daraja.

Maganar keke ba ta da tsawo. Ba dole sai ka mallaki mai tsadar nan da aka ƙera musamman don burji ba. Ni da keken gwanjo mai giya na fara. Abin da ke da muhimmanci shi ne taya mai faɗi, milimita 38 zuwa 45, da birki mai kamawa, da sirdin da ba zai gurje ka ba. Siririyar tayar tsere ba ta da amfani a nan, yashi zai haɗiye ta.

Sai iska. Masu faci sun saba ɗura wa taya iska har ta zama dutse, don galibin masu kawo musu keke kaya suke ɗauka a kan kwalta. A hanya mai gargada wannan zai sa keken ya yi ta tsalle, wuyan hannunka ya yi tsami kafin azahar. Ka ce wa mai facin, "Malam, a ɗan rage mini," har sai ka danna tayar da babban yatsa ta ɗan lotsa. Kada dai ta yi laushin da gargare zai riƙa bugun dutse.

Babban abokin gabarka a wannan hanya tsidau ne. Ƙayarsa ƙarama ce, tana kwance a ƙasa a gefen hanya inda awaki ke bi, kuma ba ta san taya mai tsada ba. Tafiyata ta biyu sau uku na yi faci tsakanin Kadawa da Bagauda, duk saboda ina sauka gefen hanya in ba babura wuri. Tun daga ranar na koyi bin sawun da tayoyin babura suka daddale a tsakiya, in kuma zan kauce, sai in tsaya cak in sa ƙafa a ƙasa maimakon in kutsa cikin ciyawa. A jakarka ka sa robar cikin taya guda biyu, da faci da sholisho, da ƙaramin famfo, da abin ɓamɓare taya. Idan ka cire robar da ta huje, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali har ka gano ƙayar ka cire ta, in ba haka ba sabuwar ma minti biyar za ta yi.

Ruwan sha lita uku nake ɗauka, ina ƙarawa a duk garin da na samu. A gora ɗaya nakan zuba ɗan gishiri da sukari. Sanyin hunturu yana yaudarar mutum, ba ka jin ƙishi amma jiki na bushewa. Guzuri kuwa dabino da ƙuli-ƙuli da gurasa sun ishe ni, sauran a hanya ake samu.

Yanzu ga yadda nake tsara tafiyar. Daga cikin birni zuwa Kura kilomita 30 ne da ɗoriya a kan titin Zariya. Na taɓa yin sa a kan keke, ta gadar Tamburawa inda ake tsallake kogin Challawa, amma ba na ba kowa shawarar haka. Manyan motoci sun yi yawa. Ka ɗora keken a mota da asuba, ka sauka a Kura gari na wayewa, ka sha koko da ƙosai, sannan ka hau.

Kada ka yi gaggawar barin Kura. Yawancin mutane da shinkafa suka san ta, ga injinan casa ko'ina, amma tun kafin shinkafa garin rini ne. A nan ake yin turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, wanda fatake ke kaiwa har Agadas. Ana ɗinke siraran ƙyallaye, a rina su da baba, sannan a kai wa mabuga su yi ta dukansu da shuni a kan gungume har su ɗauki sheƙi. Ka yi sallama, ka tambayi inda ake bugu. Sana'ar ta ja baya ƙwarai idan aka kwatanta da da, kuma wannan yana damuna, shi ya sa duk wanda na kawo sai na tsayar da shi ya gani da idonsa. A labarin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba, kuma tafiyar nan tsakanin ƙasashen biyun take, don haka rinin ba baƙo ba ne a hanyarka.

Daga Kura ka tambayi manoma babbar kanal. Ƙa'idar ba ta da wuya: ruwa daga kudu yake gangarowa, kai kuma kana tafiya kishiyar inda yake gudu. Idan ka zo inda magudana ta rabu biyu, ka bi wadda ta fi faɗi. Taswirar waya tana taimakawa, amma ba ta san gadar da ta karye ba ko inda aka datse hanya da ƙaya, manomi ya sani. Yadda ka yi tambaya shi ke kawo amsa. Ka sauka daga keken, ka cire tabarau, ka ce "Salamu alaikum, Baba, sannunku da aiki, ya ruwa?" Ka bari a gama gaisuwa kafin ka kawo maganar hanya. Sau da yawa sai an haɗa maka da tumatir ko karan rake.

Wannan yanki, daga Kura zuwa Kadawa, shi na fi so a duk tafiyar. Rana na fitowa, tururi na tashi daga kan ruwa, balbelu sun yi layi a kan kunyoyi, samari na ta jera kwandunan tumatir da za a kai kasuwar Kwanar Gafan. Hanyar ja ce, miƙaƙƙiya, tayar na ƙara a kan tsakuwa. Inda ka ga yashi ya taru, ka sauko da giya, ka mayar da nauyinka baya, ka saki hannu kaɗan, kada ka daina taka feda kuma kada ka taɓa birkin gaba. Idan ya yi zurfi ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Abu biyu game da ruwan kansa. Kada ka yi wanka a ciki komai zafi, kada ma ka tsoma ƙafa ka daɗe. Akwai tsargiya a ruwan noman rani, kuma babbar kanal tana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani, bangonta na da santsi. Alwala ma da ruwan gorata nake yi, ko in bari sai na isa masallaci. Idan kuma ka haɗu da garken shanu, ka tsaya su wuce, ka gaida makiyayin. Karen ruga ya biyo ka, ka sauka ka sa keken tsakaninku, gudu ne ke zuga shi.

Tafkin Bagauda shi ne zango na farko. Ƙarami ne idan aka gwada shi da Tiga, ga inuwa, nan nake sallar azahar in huta. Sunan Bagauda ne aka ba shi, sarkin Kano na farko da tarihi ya ce ya hau mulki a 999. Tsohon otal ɗin da ke bakinsa shi ne yanzu reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, don haka ba ko'ina ake shiga ba. Mai sauran ƙarfi a ƙafa zai iya ratsewa yamma zuwa Bebeji, tsohon gari mai ganuwa wanda sojojin Ingila suka fasa a farkon 1903 kan hanyarsu daga Zariya, kwanaki kaɗan kafin su ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu. A nan ne kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ratsen zai ci maka kusan awa biyu, ka yi lissafi da rana.

Daga Bagauda ƙasa takan fara ɗan tashi, duwatsu su fara leƙowa. Da la'asar za ka hango Tiga. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano, domin ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Duk koren da ka ratso tun safe daga nan yake sha. Ranar da na fara isowa a kan keke na daɗe a tsaye ina kallo, ruwa har inda ido ya ƙare, masunta na dawowa a kwale-kwale. Ka ci soyayyen kifi a bakin ruwa. Kada ka ɗauki hoton ƙofofin madatsar ko gine-ginenta sai ka nemi izinin masu gadi. Kuma a nan nake tsayawa, ba na zarcewa kudu wajen dajin Falgore, ba na kuma bari magariba ta same ni a hanya. Ka shirya wurin kwana tun kafin ka baro gida, ka bar wa wani a gida labarin inda za ka bi, kuma ku kasance aƙalla ku biyu.

Washegari ka fita da sassafe kafin iska ta tashi, ka nufi Rano ta wajen Rurum da Ruwan Kanya, ƙaramin tafkin da ruwan Tiga ke ratsawa kafin ya shiga gonaki. Kilomita 20 da wani abu ne, kuma a nan kaɗai za ka yi hawa da gangara tsakanin duwatsu. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ana danganta kafuwarta da Zamna Kogi, ɗan Bawo, ɗan'uwan Bagauda. Ka tsaya ka ga ƙofar fada da duwatsun da suka kewaye garin, ka sha fura da nono, ka cika goruna. Daga nan sai arewa ta Bunkure, inda za ka sake shiga gonakin rani ta ɓangaren gabas, iska na dukan fuskarka. Ka rage giya, ka sunkuya kaɗan, ku riƙa karɓa-karɓa wajen shiga gaba kai da abokin tafiyarka. Hanyar za ta fito da kai titin Zariya a Karfi, inda za ka sayi yalo ka tari motar birni.

Da ka isa gida, kafin ka kwanta, ka goge jar ƙurar da ta manne a sarƙar keken da tsumma da ɗan kananzir, ka bari ta bushe, sannan ka ɗiga mata mai kaɗan. Ka juya tayoyin biyu a gaban fitila ka tsince duk ƙayar tsidau da ta maƙale, domin wadda ba ta huda yau ba tana nan tana nutsewa.