Yadda zaka koyi haɗa kombo a Street Fighter II

Duk wanda ya taso yana zuwa gidan gem ya san yaron nan da in ya taɓa ka sau ɗaya shikenan, kafin ka farga rabin jininka ya tafi kuma baka samu ka danna komai ba. Ni dai na daɗe ina ɗauka saurin hannu ne kawai, ina ta dukan maballai har babban yatsana ya yi kanta, sai daga baya wani yayanmu ya zaunar da ni ya nuna min abu ɗaya tak da Ryu, ɗaya daga cikin 'yan damben gem ɗin, daga ranar wasana ya canza. Shi nake so in nuna maka ɗan'uwa.

Street Fighter II dai Capcom ne suka fitar da shi a 1991 a injin arked mai sanda da maballi shida, uku na sama naushi ne (ƙarami, matsakaici, babba) uku na ƙasa kuma ƙafa a jere iri ɗaya. Shi kombo ɗin ma, wato jera duka a kan duka ba tare da abokin karawa ya samu damar tarewa ba, ba da gangan aka tsara shi ba tun farko, masu haɗa gem ɗin sun sassauta lokacin shigar da duka na musamman (waɗanda ake yi da juya sanda) don mutane su iya fitar da su, sai aka tarar ana iya yanke duka ɗaya a tsakiya a ɗora wani a kai, suka bar shi haka. Sai a Super Street Fighter II na 1993 ne allo ya fara ƙirga maka dukan da ka jera. Don haka in zaka koya, nemi wannan ko Super Turbo na 1994, duk suna cikin Street Fighter 30th Anniversary Collection da ya fito a 2018.

Kafin komai ka tabbata Hadoken ɗinka, wato wutar da Ryu yake saki daga hannu, yana fita. Ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, sannan naushi. Gaba ɗin nan tana nufin inda abokin karawarka yake, in kun canza gefe ita ma ta juya, kuma wallahi mutane da yawa gefe ɗaya kawai suka iya. Yi shi goma a jere ta dama, goma ta hagu, in ka faɗi a na bakwai koma farko.

To yanzu ga ainihin maganar. Kombon farko da kowa ya kamata ya koya shi ne matsakaiciyar ƙafa a durƙushe sai Hadoken. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ɗauke su abu biyu, ya yi ƙafar ya jira ta gama sannan ya fara juya sanda, ai kafin nan mutum ya tare. Motsi ɗaya ne. Ka lura Hadoken da ƙasa yake farawa, ita ma ƙafar a ƙasa ake yinta, to kana kai sanda ƙasa ka danna ƙafar, kar ka tsaya kar ka saki, ci gaba da zagayawa zuwa ƙasa-gaba zuwa gaba ka danna naushi. Wato ka cusa ƙafar ne a cikin Hadoken ɗin. In ka yi daidai zaka ga Ryu bai ma janye ƙafarsa ba, hoton ya yanke kawai sai ga shi a tsaye yana sakin wuta. A kunne kuma sautin maballan biyu kusa-kusa suke, ta-tak, ba tak... tak ba. Ni da kunne na fi koyonsa fiye da ido.

Akwai wani ɗan tsaiko da gem ɗin yake yi duk lokacin da duka ya sauka, kamar komai ya daskare na ƙiftawar ido, a cikin wannan tsaikon ne kake ƙarasa zagayen, shi yasa ba sai ka yi gaggawar hauka ba. Kuma ka yi shi a kusa, in da bakin yatsan ƙafa ka taɓa shi daga nesa wani lokacin wutar bata isa da wuri. Hanyar gwadawa mai sauƙi, ka sa abokinka ya riƙe sanda baya (haka ake tarewa) da zarar ƙafar ta same shi, in ya iya tare wutar to bai haɗu ba tukuna.

Wata matsala da zata dame ka, kana tafiya gaba sai ka nemi Hadoken sai Shoryuken, naushin nan na tashi sama, ya fito ka tashi a banza a rama maka. Dalili shi ne Shoryuken gaba ne, ƙasa, ƙasa-gaba, to gem ɗin ya haɗa tafiyarka da zagayen. Saki sandar ta dawo tsakiya na ɗan lokaci kaɗan kafin ka fara.

In wannan ya zauna sai ka ƙara tsalle a gabansa: tsalle da babbar ƙafa, ka sauka, matsakaiciyar ƙafa a durƙushe, Hadoken, duka uku kenan. Sirrin tsallen shi ne ka jinkirta, kar ka danna tun kana saman kansa, bari sai ka kusa sauka ta same shi wajen ƙirji, in ka buga da wuri zai farfaɗo kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Irin wannan sau biyu a jere yana iya sa taurari su fara zagaya kansa, nan kuma ka samu kombo na kyauta. Da Ken, wanda dukansa irin na Ryu ne, zaka iya ƙarewa da Shoryuken bayan babban naushi na kusa, yafi ciwo, amma sai ka tabbata dukan farko ya shiga, don in ya tare kai ne zaka sha. Hadoken ko an tare shi yana ɗan tura mutum baya, shi yasa nafi so sabon shiga ya fara da shi.

Masu son Guile, wani ɗan damben a gem ɗin, nasu daban ne, riƙe sanda ake yi kafin dukansa na musamman su fita. Sonic Boom baya ne na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu sai gaba da naushi, Flash Kick ƙasa ne sai sama da ƙafa. Riƙe ƙasa-baya yana tara maka duka biyun lokaci guda, kuma kana tashi tsalle ka maida sanda can tun kana iska, ka buga babban naushi, ka sauka da matsakaicin naushi a durƙushe, sai sama da ƙafa.

Wanda ya saba da Mortal Kombat 3 na 1995 zai ji abin wani iri da farko, don can jerin maballai kake haddacewa ka zuba su da sauri, a Tekken 3 kuma ɗaga mutum sama ake yi a ci gaba da dukansa kafin ya faɗo. In kuma da fad ɗin PlayStation kake bugawa ba sanda ba, shiga saiti ka maida matsakaiciyar ƙafa da babban naushi kan maballan fuska kusa da juna, ka yi zagayen da tsokar babban yatsa kana murzawa, kar ka dinga ɗaga shi.