Ku duba kafin ku zura hannu cikin homa

Salamu alaikum 'yan uwa masunta, musamman sababbin shiga. In kun ɗago homa, ku duba da ido tukuna. Kwanan baya a kogin garinmu wani yaro ya ga kifi mai ƙiba yana motsi, ya zaci tarwaɗa ce, ya cafke. Ashe minjirya ce! Ta ja shi kamar lantarki, ya kurma ihu, ya saki homa da gora, ya zauna daɓas cikin laka, mutanen bakin gaɓa na ta dariya. Ni kam tausayi ya ba ni.

Minjirya gajeriya ce, jikinta sulɓi da ɗigon baƙi. Da busasshiyar sanda ake juye ta. Kurungu kuwa, ku kiyayi ƙayarsa, sukarta akwai zafi.